Dashe da Tsiro: Shekara 100 na Ƴan Mishan a Kudancin Nijar

A wannan mako filin namu zai taɓo wata magana wadda yawancinmu muka saba kauce mata a bainar jama'a, ko da yake kowa na da ta faɗi in an shiga zaure, wato maganar ƴan mishan, Turawan nan da suka baro garuruwansu domin yaɗa addinin Kirista da kafa majami'u a tsakaninmu. A shekarar 2024 aikinsu ya cika shekara 100 a ƙasar Hausa ta Nijar. Ɗan kasuwar kirki ba ya barin shekara ta juya bai zauna ya buga lissafi ba, ya ga uwar kuɗi, ya ga riba, ya ga faɗuwa. To, balle kuma aikin da ya shekara ɗari.

Lissafin nan ya shafe mu duka, Musulmi da Kirista, domin ta cikinsa ne za mu gane ko su wane ne mutanen da ke shiga majami'a ran Lahadi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Baƙi ne da aka kawo daga nesa, ko kuwa ƴan gari ne? Tambayar tana da nauyi, saboda rashin sanin amsarta ya taɓa jawo mana gobara da asarar rayuka.

Mafarin lamarin

A ƙarshen shekarar 1893 waɗansu samari uku suka sauka Ikko daga jirgin ruwa: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Niyyarsu su kutsa cikin yankin da Larabawa ke kira Sudan, wato ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara, da ƙasar Hausa a tsakiyarsu. Kafin shekara ta kewayo ciwo ya kashe biyu daga cikinsu, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Bai daddara ba, ya sake ɗaura ɗamara, har ƙungiyarsa da aka sani da suna SIM ta kafa zangonta na farko a Patigi, ƙasar Nufawa, a 1902.

Turawan Ingila da suka ci daular Sakkwato sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka daɗe suna tare wa ƴan mishan hanyar manyan biranen Musulmi. SIM ta ɗaga kai ta dubi arewa, ta ga Hausawa ne a ƙetaren iyaka, harshe ɗaya, sai dai tutar Faransa. A 1924 ta sauka Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin mulkin mallaka, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Daga nan ta buɗe zango a Tsibiri, fadar Sarkin Gobir, tun shekarun 1920 ba su ƙare ba, sannan Maraɗi a 1940. Kumandojin Faransa ba su taɓa sakin jiki da su ba. Mutane ne masu jin Ingilishi, shugabanninsu na Jos, kayansu ta Kano suke shigowa, don haka kullum ana musu kallon idon Ingila. Su kuwa Katolika, waɗanda limamansu Faransawa ne, sun fara da Yamai a 1931 ta hannun Fada François Faroud, daga baya suka isa Damagaram da Dogon Dutsi da Maraɗi.

Babban fatan ƴan mishan ya rataya ne a kan arna, masu bin addinin gargajiya a karkarar Gobir da Katsinar Maraɗi da Arewa. Sun ɗauka wanda bai riga ya musulunta ba zai fi saurin karɓar kiransu. Sai zamani ya yi musu ba-zata. Cinikin gyaɗa ya buɗe, hanyoyin mota suka haɗa ƙauye da birni, Alhazan Maraɗi suka zama abin koyi, ɗan ƙauyen da ke son shiga kasuwa da auren birni ya ga ƙofar da ta fi kusa da shi ita ce ta masallaci. Cikin shekarun da ƴan mishan suka yi suna wa'azi, a cikinsu ne akasarin arna suka musulunta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. In da yawan mabiya kaɗai ake auna wannan aiki, da sai a ce an zuba jari mai yawa an kwashi riba kaɗan. Amma lissafin bai ƙare nan ba.

Harshe

Abu na farko da ƴan mishan suka gane shi ne ba a shiga zuciyar Bahaushe da harshen aro. Tun kafin SIM wani malamin mishan Bajamushe mai suna Schön ya duƙufa kan Hausa a Ingila, kuma babban malaminsa ɗan ƙasar nan ne. Dorugu, yaron da aka kama bauta a yankin Damagaram, aka ƴanta shi a Barno, ya bi matafiyin nan Barth har Tambutu, ya isa Ingila a 1855. Daga bakinsa Schön ya rubuta labarai da kalmomin da suka shiga nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912. Kowa ya riƙe takardar Hausar boko a yau, har da wannan shafi da ke hannunku, akwai ɗan gumin wannan Badamagare a ciki.

A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausa. Duk wanda ya buɗe shi zai tarar da kalmomin da ya saba ji a makarantar allo: Allah, annabi, mala'ika, Attaura, Zabura, Linjila, addu'a, zunubi, tuba, aljani, Shaiɗan. Masu fassara ba su da wata rumbu da za su ɗebo kalmomin addini in ba wadda malaman Musulunci suka cika shekaru aru-aru ba. Ke nan tun ranar farko Kiristan Bahaushe da harshen maƙwabcinsa Musulmi yake kiran Ubangiji, ko da yake aƙida ta raba su, rabuwa kuwa ta gaske wadda babu amfanin ɓoye ta.

Wannan riƙo da Hausa ya zo da nasa hasara. SIM ta daɗe tana ganin karatu bai wuce mutum ya iya karanta Littafi da harshensa ba, ta yi ta jan ƙafa wajen buɗe lakwal ta Faransanci. Sakamakon haka, lokacin da aka sami ƴancin kai a 1960, ƴaƴan mabiyanta kaɗan ne ke da takardar shiga aikin gwamnati, kuma wannan ya zama abin ƙorafi tsakaninsu da Turawan da suka rene su. Katolika sun bi wata hanya, suka gina makarantu irin su kwalejin Mariama ta Yamai, inda akasarin ɗalibai ƴaƴan Musulmi ne. Ma'aikata da yawa da ke karanta wannan fili sun zauna a irin waɗannan azuzuwa, sun fito da takardunsu, suna kuma kan sallarsu har gobe.

Magani

Abu na biyu shi ne asibiti. A 1950 likita Burt Long ya buɗe asibitin Galmi, kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, garin da ƴan kasuwa suka fi sani da albasa. A 1956 aka buɗe na Danja, kudu da Maraɗi kan hanyar Katsina, domin masu ciwon kuturta, a zamanin da kuturu ba ya cin abinci ƙwarya ɗaya da ƴan uwansa na jini. A 2012 aka ƙara wa Danja sashen yi wa mata aikin yoyon fitsari. Da wuya a sami zuri'a a jahar Tawa ko ta Maraɗi wadda ba ta taɓa kai wani nata ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba, har daga Sakkwato da Katsina ana ƙetarowa.

A nan ma sai a faɗi gaskiya ta kowane ɓangare. Ƴan mishan ba su taɓa ɓoye cewa asibiti ƙofar wa'azi ce a wurinsu ba. Malamai da suka yi ta gargaɗi a kan haka suna da hujja, domin mutumin da ciwo ya kayar ba ya cikin halin musu da mai riƙe da allurarsa. Amma kuma shekara saba'in da wani abu sun isa shaida. Dubban dubatan Musulmi sun kwanta a Galmi, an yi musu aiki, sun warke, sun ce an gode, sun koma gida da addininsu. Wanda ya tsaya maka ranar da ciwo ya kayar da kai, ko ba ka bi addininsa ba, ya wuce ka saka masa da jifa.

Darasin kututture

Abu na uku shi ne wanda ya fi kowanne yaɗuwa, kuma babu wanda ya tsara shi tun farko. A 1981 SIM ta kawo wani masanin aikin gona daga Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, aka sa shi aikin dashen itatuwa a karkarar Maraɗi. Ana renon ƴan itatuwa a leda, a loda su a mota, a kai ƙauye a dasa. Rana ta ƙone waɗansu, iska ta binne waɗansu da rairayi, gara da awaki su cinye saura. Akasarin abin da aka dasa bai kai shekara ba. A 1983, yana kan hanyar ƙauye, ya tsaya rage iskar ƙafafun motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ɗan kurmin nan da manoma ke sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen da kyau sai ya ga ashe itace ne da aka sare tun tuni, saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana turo tsiro ana sarewa.

Dabarar da ta fito daga nan ba ta bukatar leda ko mota ko kuɗin waje. Manomi ya zaɓi tsiro mafi ƙarfi kaɗan a kan kowane kututture, ya sassabe saura, ya tsare waɗanda ya bari. Saiwa ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ta jiran a ba ta ruwa. A yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya, aka haɗa rabon abinci da wannan aiki a ƙauyuka kusan 100. Da yunwa ta wuce aka daina rabo, manoma da yawa suka sare abin da suka bari, don dama saboda hatsi suka yi. Amma waɗanda suka riƙe suka ga itacen girki ya samu, dabba ta sami ganye, iska ta daina binne shuka, gero ya fi kyau a gindin gawo. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Da ma a yankin Magarya da Matamai da Mirya manoma sun gaji tsaron gawo tun zamanin sarakunan Damagaram. Bayan shekara ashirin masu bincike suka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta hekta miliyon 5 sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyon 200: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar kyauta ta duniya a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki.

Masu karatu, ku dubi darasi biyu da ke cikin wannan labari. Abin da aka ɗauko daga waje aka dasa ya mutu, abin da ke da saiwa a ƙasa ya rayu. Abin da aka yi don a sami buhun hatsi ya ƙare ranar da buhu ya ƙare, abin da mutum ya gani da idonsa ya yarda da shi ya dawwama. Su kansu ƴan mishan da harsunansu dashe suke kiran aikin kafa majami'a, kuma abin da ya sami itace shi ya sami majami'ar.

Majami'ar ƴan gari

Da samun ƴancin kai, mabiyan SIM suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa, wadda aka sani da EERN. Riƙon ya yi ta komawa hannun ƴan ƙasa, da daɗi ba daɗi, har rigimar shugabanci da ta dukiya ta tsaga ƙungiyar a wajajen 1990. Wannan ma alama ce ta cewa gidan ya zama nasu, don ba a faɗa kan gadon da ba na mutum ba. A ɓangaren Katolika, an ɗaga Yamai ta zama dayosis a 1961, Maraɗi a 2001, kuma a 2014 aka naɗa Laurent Lompo, Bagurmance ɗan yankin Makalondi, babban bishop na Yamai, ɗan Nijar na farko da ya hau wannan kujera.

Turawa kuwa sai raguwa suke yi a karkara, musamman tun da satar mutane ta shigo. An ɗauke Ba'amurke Jeffery Woodke a Abalak a 2016, bai kuɓuta ba sai 2023. An ɗauke limamin Katolika ɗan Italiya Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a 2018, aka sako shi a 2020. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa na bushewa da hantsi. Wanda ya rage a majami'ar Tsibiri ko ta Agye Bagobiri ne ko Bakatsine, kakansa ne ya shiga addinin, shi a ciki aka haife shi. Sunansa Yahaya ko Maryama ko Ayuba, yana noman gero, yana biyan haraji, yana da ƴan uwa Musulmi ciki ɗaya da mahaifinsa, ana gayyatarsa suna da biki, ana kai masa naman layya, shi ma yana aiko da abincin Kirsimeti. Ba shi da wata ƙasa da zai koma.

Ranakun wuta

Bayan taron ƙasa na 1991 ƙofar kafa ƙungiyoyi ta buɗe ga kowa. Ƙungiyoyin Musulunci suka yawaita, sababbin majami'u masu zafin wa'azi su ma suka shigo, da yawa ta hanyar Nijeriya, da amsa-kuwa da shirye-shirye a gidajen rediyo masu zaman kansu. Murya ta ɗaga ta kowane gefe, haƙurin da dattawan da suka saba da juna ke yi ya ragu. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka cinna wa majami'a wuta. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, wuta ta tashi a Damagaram sannan Yamai. Mutum 10 suka rasu, ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai.

Ɓacin ran Musulmi a kan wancan zane halal ne, babu mai musun haka. Amma jaridar da ta yi shi a Paris take, masu ita kuwa ba ruwansu da kowane addini, sun sha yi wa Fafaroma da Annabi Isa irin wannan izgili. Kafintan Damagaram da aka ƙone wa wurin ibada bai taɓa ganin jaridar ba. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Abin da ya wanke mana fuska a waɗannan ranaku shi ne Musulmin da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye maƙwabtansu Kirista har ƙura ta lafa. Su ne suka san amsar tambayar da muka yi a farko.

Abin da ke kan kowa

Ga masu zuwa wa'azi, Turawa ne ko ƴan Afirka, darasin kututture ya ishe su. Kada a haɗa magani ko hatsi ko kuɗin makaranta da sharaɗin sauya addini, don abin da aka saya da buhu da buhu yake tafiya, ya bar ƙiyayya a baya. Kada a zagi abin da mutane ke girmamawa. Wanda zai tafi gobe ya tuna ɗan garin da zai kwana da abin da bakinsa ya jawo.

Ga mu mafi rinjaye, wanda ya kai kashi 99 cikin 100 ba shi da dalilin tsoro. Shekara 100 na wa'azi da asibiti da makaranta ba su girgiza Musulunci a ƙasar nan ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. In akwai abin kishi, to ga fili nan: masu hali su gina asibitin da talaka zai je a karɓe shi da mutunci, su ɗauki nauyin kuturu da mai yoyon fitsari. Dukiyar da ke Maraɗi kaɗai ta isa ta gina irin Galmi fiye da ɗaya.

Ga ma'aikatan hukuma, a watan Yuni na 2019 majalisar dokoki ta amince da dokar tsara harkokin addini. Kowace irin doka ke hannunku, ku auna masallaci da majami'a da mudu ɗaya, wajen ba da fili, wajen ba da izini, wajen hukunta mai tunzura jama'a. Ga ƴan kasuwa kuma, kun fi kowa sanin cewa ranar da gari ya kama wuta ba a buɗe kanti, kuma ɓarawon da ya fasa ƙofar majami'a da safe ba zai tsaya tambayar addinin mai shago da yamma ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.